Babi na 7: Lasisi Biyu a Manhaja Ɗaya

Duk wanda ya taɓa gwada buga ajami a kwamfuta ya san inda gizo ke saƙar. Haruffan Larabcin da ke zuwa da na'ura hannun Gabas ne, ba hannun da almajiri ya koya a allo a Birni ko Garin Malam ba. Fa takan fito da ɗigonta a sama maimakon ƙasa, ƙaf da ɗigo biyu maimakon ɗaya, ɗigon imala kuwa, wanda mai karatun Warshu ke dogara da shi, sau da yawa ba ya zama inda ya kamata. Wannan giɓi ne ƙungiyar SIL ta yi ƙoƙarin cikewa da salon haruffa uku: Harmattan, Alkalami da Ruwudu. Alkalami ya bi rubutun Kano mai kauri. Ruwudu ya fi shi siranta, an kuma zana shi ne bisa hannun masu rubuta harshen Manga a nan Nijar, maƙwabtanmu na gabas, daga wajen Gure zuwa gaba. Dukansu ana sauke su ba ko dala.

In ka buɗe ƙunshin da ka sauke, za ka tarar da wani ɗan fayil mai suna OFL.txt kwance kusa da haruffan. Da wuya a sami mai buɗe shi, alhali shi ne bakin mai kayan. Abin da yake cewa a taƙaice: yi amfani da haruffan nan, gyara su, cusa su cikin manhajarka ko da ta sayarwa ce, amma kada ka sayar da su su kaɗai, kada ka raba su da wannan takarda, in ka sake musu fasali kada ka riƙe sunan da mai su ya keɓe wa kansa, kuma gyararrun su zauna ƙarƙashin wannan lasisi. Littafin da ka buga da su naka ne, lasisin bai shafe shi ba. SIL ta fitar da wannan lasisi a 2005, ta gyara shi a 2007, kuma tun farko an rubuta shi ne don haruffa su iya tafiya tare da kowace irin manhaja ba tare da rigima ba.

Da duk lasisi haka suke, da wannan babi bai wuce shafi ɗaya ba.

Mu fara da abin da doka ta ce, domin akwai kuskuren da ya yi jijiya a tsakanin matasanmu masu rubuta manhaja: suna ganin duk abin da ke fili a intanet ba shi da mai shi. Nijar na cikin ƙasashen OAPI, ƙungiyar da Yarjejeniyar Bangui ta 1977 ta kafa, mai hedkwata a Yawunde. Wannan yarjejeniya ta lissafa manhajar kwamfuta cikin ayyukan da haƙƙin mallaka ke karewa, kamar littafi. A gida kuma akwai dokar haƙƙin mallaka mai lamba 2010-95 ta 23 ga Disamba 2010, ga kuma hukumar haƙƙin mallaka ta BNDA a Yamai. Haƙƙin yana tabbata ne da zarar an yi aikin, ba sai an yi rajista ba. Saboda haka rubutun manhajar da ka gani a GitHub babu lasisi a jikinsa ya fi kowanne ƙulli. Mai shi bai ba ka izinin komai ba, ya dai bari ka gani. Lasisi shi ne izinin, kuma mai ba da izini shi ke gindaya sharaɗi.

Manhajoji masu buɗaɗɗen tushe, wato waɗanda ake barin kowa ya ga rubutun da aka gina su da shi, gida biyu suka kasu. Gidan farko na masu sassauci ne: MIT, BSD, Apache. Waɗannan ba sa neman komai mai yawa, illa ka bar sunan mai aikin da takardar lasisinsa su bi kayan duk inda za su. Kana iya ɗauka ka gina naka a kai, ka rufe, ka sayar. DHIS2, manhajar Jami'ar Oslo da ma'aikatar lafiya ta Nijar ke tattara alƙaluman asibitoci da ita, tana ƙarƙashin BSD. Ma'aikatan ƙungiyoyin da ke zagaya ƙauyukan Magarya da Tanut suna cike tambayoyi a waya da KoboCollect, wadda aka gina a kan ODK Collect, kuma lasisin Apache ne ya ba da wannan dama.

Gida na biyu na masu sharaɗin ramawa ne, babbansu GPL, wanda Richard Stallman ya fitar a 1989, aka sabunta a 1991 da kuma 2007. Shi ma ya yarda ka gyara, ka rarraba, har ka karɓi kuɗi. Mutane da yawa ba su san GPL bai hana ciniki ba. Abin da ya hana shi ne ka karɓa a buɗe ka miƙa a rufe. In ka haɗa rubutun GPL da naka suka zama manhaja ɗaya, ka kuma miƙa wa wani, dole dukan manhajar ta tafi ƙarƙashin GPL, tare da rubutun tushenta, ba tare da ka ƙara wani sharaɗi naka a kai ba. Ni ban ga tsauri a nan ba. Wanda ya kwana yana rubutu ya ba duniya, yana da ikon cewa kada na gaba ya toshe hanyar da shi ya bi ya wuce.

Yanzu a ɗauka wata ɗaliba ce a Jami'ar André Salifou ta nan Zinder ke shirya aikinta na ƙarshen karatu. Tana son manhajar waya da ke aiki ba tare da intanet ba, mai ba da tarihin Damagaram a boko da ajami: ganuwar da Sarki Tanimun ya gina, fadar Birni, Zangon fatake, zamanin da garin ke babban birnin mulkin mallaka kafin a koma Yamai a 1926. Ba za ta rubuta komai daga tushe ba, babu mai yin haka. Za ta ɗauki Ruwudu don ajami, taswirar gari daga OpenStreetMap, wasu bayanai daga Wikipedia ta Hausa, sannan laburare uku ko huɗu, wato guntayen manhaja da wasu suka riga suka gama, ɗaya na nuna taswira, ɗaya na kunna sauti, ɗaya na bincike.

Muddin abin yana cikin wayarta ita kaɗai, ba ta da wani nauyi. Nauyi na hawa kanta ne ranar da ta miƙa wa wani. Kuma miƙawa ba sai ta Play Store ba. A garinmu manhaja ta fi yawo ta Xender da memori, daga wayar ƙawa zuwa ta ƙawa, ko a rumfar mai caji da tura waƙoƙi a bakin tasha. Wannan duk rarrabawa ce a idon lasisi.

Tambayar farko da za ta yi wa kowane guntu ita ce: tare kawai suke tafiya, ko sun narke sun zama abu ɗaya? Dubi motar kaya da ta yi lodi a Kasuwar Dole za ta bi ta Matamaye zuwa Kano. Buhun geron wane yana kan buhun geron wane, igiya ɗaya ta ɗaure su, amma kowane da alamar mai shi, kuma umarnin da mai buhu ya ba direba a kan buhunsa ya tsaya. In kuwa aka farke buhu biyu aka juye a ɗaya, babu sauran geron wane daban. Duk abin da masu kayan biyu suka ce dole ya hau kan buhun nan guda, in kuma maganarsu ta saɓa, direba ba shi da hanyar cika wa kowa. GPL da kansa ya bambanta waɗannan hali biyu: ya ce ajiye ayyuka masu zaman kansu a ma'adana ɗaya ba ya jawo ɗaya ƙarƙashin lasisin ɗayan. Shi ya sa memori ɗaya kan ɗauki VLC, mai lasisin GPL, da manhajar kamfani mai rufe ba tare da laifi ba.

Haruffan ɗalibarmu, da taswirarta, da bayanan Wikipedia, a kusan kowane hali tare kawai suke tafiya da manhajar. Kowane da nasa haƙƙin da za ta sauke. Taswirar tana ƙarƙashin ODbL tun 2012, kuma dole a ga sunan OpenStreetMap da masu ba ta gudummawa a inda mai kallo zai gani. Rubutun Wikipedia yana ƙarƙashin CC BY-SA: a faɗi inda aka ɗauko, in an gyara kuma gyaran ya fita da irin lasisin. Waɗannan aikin rabin wuni ne. Laburaren ne wurin taka-tsantsan, domin su ake ɗinkewa da rubutunta lokacin da ake harhaɗa manhajar.

A nan ne ake ganin cewa dacewar lasisi hanya ce mai tafiya ɓangare ɗaya. Guntun MIT yana shiga manhajar GPL lafiya lau, tunda abin da MIT ke nema bai wuce abin da GPL ya riga ya tanada ba. Guntun GPL kuwa ba ya shiga manhajar da za ta ci gaba da zama MIT, balle wadda za a rufe. In laburaren bincikenta na GPL ne, ɗalibar tana da zaɓi uku: ta saki dukan aikinta a GPL, ta nemi wani laburare, ko ta rubuta wa mai shi ta roƙi izini na daban. Akwai kuma lasisin tsaka-tsaki, LGPL, wanda aka yi wa laburare musamman: sharaɗin ramawa yana tsayawa a kan laburaren, ba ya tsallakawa zuwa manhajar da ta jingina da shi, matuƙar an bar wa mai amfani hanyar musanya shi.

Abin da ya fi ba sabon shiga mamaki shi ne lasisi biyu masu kyakkyawar niyya su ƙi zama wuri ɗaya. Apache 2.0, na 2004, yana da sharuɗɗa kan haƙƙin ƙirƙira waɗanda babu su a GPL na 1991. Tunda GPL ya hana ƙarin sharaɗi, ba a narka su tare. Sai a bugu na uku, na 2007, aka gyara yadda Apache zai iya shiga, shi ma ta ɓangare ɗaya. Hatta bugu na biyu da na uku na GPL ba sa haɗuwa, sai in mai rubutun ya ƙara cewa ya yarda da duk bugun da zai biyo baya. Zuciyar Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, ba ta da wannan ƙari, a bugu na biyu ta tsaya. Saboda haka ɗalibarmu za ta duba lambar bugu, ba sunan lasisi kaɗai ba.

Mai karatu zai iya cewa, to ai wayar Android da ke hannuna Linux ce a ƙasa, Apache a sama. Haka ne, kuma misali ne mai kyau. Suna zaune lafiya ne saboda hawa biyu ne masu zaman kansu, kuma Torvalds ya rubuta a fili cewa manhajar da ke neman hidima daga zuciyar ta hanyar da aka saba ba ta zama ɓangarenta ba. Ɗauki Tecno ko Itel ɗinka, shiga saituna, gangara zuwa bayanin waya, ka nemi sashen bayanan doka. Za ka ga jerin lasisi mai tsawon da yatsa zai gaji kafin ya kai ƙarshe, sunan jami'a a nan, sunan mutum ɗaya a can. Wannan jeri shi ne kamfani yana biyan bashin ambaton suna. Manhajar ɗalibarmu ma tana bukatar shafi irinsa, ko da layi goma ne.

Ina iyakar narkewa take? A nan masana ba su da baki ɗaya. Gidauniyar FSF ta Stallman tana ganin ɗaura laburare a jikin manhaja ya mayar da su aiki ɗaya, wasu lauyoyi kuma suna ganin ya danganta da yadda aka ɗaura. A 2016 kamfanin Canonical ya saka ZFS, tsarin adana fayil mai lasisin CDDL, cikin Ubuntu, yana cewa aiki ne mai zaman kansa da ke tafiya kusa da Linux. FSF da ƙungiyar Software Freedom Conservancy suka ce a'a, saɓa GPL ne. Kamfani mai lauyoyi yana iya tsayawa a irin wannan gaɓa. Shawarata ga ɗalibi ko ɗan ƙaramin kamfani a Sabon Gari ita ce ya bi fahimtar mai kayan, domin ranar da rigima ta taso ba shi da kuɗin da zai jure mata.

Akwai wani abu da nake so in daɗe a kansa, saboda ya shafi halinmu. Mutumin kirki in ya tashi ba da aikinsa kyauta, zuciyarsa kan raya masa ya ƙara sharaɗi: kada a yi ciniki da shi, kada a yi amfani da shi wajen ɓarna. Niyyar tana da kyau, sakamakon kuma yakan zo akasinta. Douglas Crockford ya ɗauki lasisin MIT ya ƙara jimla ɗaya a lasisin JSON, cewa a yi amfani da manhajar wajen alheri ba sharri ba. Jimlar nan kaɗai ta hana rubutunsa shiga duk manhajar GPL, kuma a 2016 gidauniyar Apache ta hana ayyukanta ɗaukarsa, domin wa zai yanke hukuncin mene ne alheri a kotu? Tun kafin nan tsohon lasisin BSD yana da sharaɗin a ambaci Jami'ar Kaliforniya a duk tallar da za a yi. Kowa ya kwaikwaya ya sa nasa sunan, har Stallman ya ƙirga ambato 75 a wani bugun NetBSD na 1997. Jami'ar ta janye sharaɗin a 1999. Haka nan malamin da ya tattara ƙamus na Hausar Damagaram ko labaran baka daga Mirriya, ya sake su da sharaɗin ba ciniki, ya sani cewa Wikipedia ba za ta iya ɗauka ba, kuma masu haɗa manhajoji da yawa za su kauce masa. Yana da cikakken iko ya zaɓi haka. Ina dai so ya zaɓa da saninsa. Muryoyin Hausa da ke cikin Common Voice na Mozilla an sake su ne a CC0, ba sharaɗi ko ɗaya, shi ya sa suke shiga ko'ina.

Gyara daga baya yana da tsada ƙwarai, domin lasisi ba ya canzuwa sai da yardar duk wanda ya sa hannu a rubutun. VLC, wadda ɗaliban École Centrale ta Paris suka fara, kuma kusan kowace kwamfuta a garin nan tana da ita, an cire ta daga shagon manhajojin Apple a Janairun 2011, bayan ɗaya daga cikin marubutanta ya nuna cewa ƙa'idodin shagon ƙarin sharaɗi ne a kan GPL. Sai da aka bi masu gudummawa ɗaya bayan ɗaya ana neman yardarsu, aka sauya lasisi, sannan ta koma a 2013. OpenSSL, wadda ke tsare sirrin yawancin hulɗar intanet, ta yi shekaru da lasisin da bai dace da GPL ba, kuma sai a Satumban 2021 bugunta na 3.0 ya fito a Apache 2.0. Lokacin da OpenStreetMap ta sauya lasisi a 2012, dole aka goge aikin waɗanda ba su amince ba ko ba a same su ba. Tun ran gini tun ran zane: lokacin duba lasisi shi ne kafin a saka guntun, ba bayan an gina wata shida a kansa ba.

Wani zai ce, wa zai taso daga Turai ya kai ƙarar ɗalibar Damagaram? Mai yiwuwa babu. Amma kada a ɗauka takardun nan ba su da haƙori. A Faransa, ƙasar da dokokinmu suka yi gado da yawa daga nata, wani ƙaramin kamfani mai suna Entr'Ouvert ya kai ƙarar Orange a 2011, wannan Orange da muka sani a Nijar kafin ya sayar da reshensa a 2019. Orange ya saka laburaren Lasso, mai lasisin GPL, a wani dandalin hidimar gwamnati ba tare da cika sharuɗɗan ba. An yi ta hawa da sauka har kotun ƙoli, sannan a ranar 14 ga Fabrairun 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta Paris ta umarci Orange ya biya diyyar da ta haura yuro dubu 600.

Asarar da ta fi kusa da mu ba ta kotu ba ce. Ranar da wata ƙungiya ko ma'aikata za ta so ɗaukar manhajar ɗalibar ta faɗaɗa ta, abin da za a fara tambaya shi ne me ke ciki, kuma da izinin wa. In ba ta da amsa, aikin ya tsaya a nan, komai kyansa. Sannan akwai maganar amana, wadda ba ta bukatar alƙali. Mutum ya ba ka aikin hannunsa, ya faɗi abin da yake so a yi, ka karɓa. Bai san ka ba, ba zai taɓa zuwa Zango ya duba ba, amma karɓar da ka yi alkawari ce.

Aikin kansa ba shi da wuya. Fayil ɗaya a cikin aikin, a rubuta sunan kowane guntu, inda aka samo shi, lasisinsa da lambar bugunsa, a duba har laburaren da laburare ya jawo a bayansa, domin nan ne GPL kan ɓuya. In manhajar a uwar garke za ta zauna jama'a su riƙa shiga ta intanet, a lura da AGPL, wanda ke neman a ba masu shiga rubutun tushe in an yi gyara, ko da ba a miƙa wa kowa fayil ba. Mai karanta Faransanci kuma yana da CeCILL, lasisin da cibiyoyin binciken Faransa CEA, CNRS da INRIA suka fitar a 2004, wanda aka rubuta shi da gangan ya dace da GPL. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mutum ya zauna ya ƙago nasa lasisin. Sanannun an riga an san wanne ke shiga wanne. Sabo kuwa sai kowa ya nemi lauya, kuma yawanci wucewa za a yi a bar shi.

Ina roƙon malaman da ke duba ayyukan ɗalibai a jami'a da cibiyoyin koyon sana'a na Damagaram su riƙa neman wannan fayil kamar yadda suke neman jerin littattafan da aka duba. Ma'aikatu da ƙungiyoyin da ke ba matasanmu kwangilar manhaja su sa shi cikin yarjejeniya tun ranar sa hannu. Kai kuma mai tara kalmomi, ko muryoyi, ko hotunan rubutun ajami, kafin ka ɗora su a intanet ka zaɓi sanannen lasisi ɗaya, ka rubuta sunansa a shafin farko.